Lambar Da Ba Ta Jiran Gaisuwa

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga 'yarki ta nesa, wadda in da ƙafa ce ta kawo ni da tun daga bakin ƙofa zan durƙusa. Yaya gwiwar nan, har yanzu tana yi miki gardama wajen hawan bene? Ki gaishe min da maƙwabciyarki Maman 'Yan Biyu. Allah ya saka mata, ita ke ɗaukar hoton takardunki ta turo min, ita ke kai nawa shagon bakin titi a buga miki. Tun da kunnenki ya yi nauyi kika raba gari da waya, ba don ita ba da ban san yadda za mu yi ba.

Ni lafiyata ƙalau. Aikin gidan kula da tsofaffi yana nan yadda kika san shi, tsayuwa daga safe har ƙafa ta kumbura. Akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe da ke ɓoye cokula ƙarƙashin matashi, in na gano ta harare ni irin harararki sak.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Izinin aikina zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa. Kafin a sabunta min, suna son takardar shaida daga hukumar ma'aikatan jinya ta gida. Takardar tana shafinsu na intanet, amma ba a shiga sai da lambar sirri da suke turowa tsohon layina, wanda na bar miki a cikin 'yar ƙaramar wayar nan. In babu takardar babu aiki, Gwaggo, sai dai in tattara kayana in dawo.

Abokan aikina da suka taho da layukansu kullum kuka suke da abin da kamfani ke yanka musu. Ni kuwa sai in yi ta yi musu fankama, in ce nawa yana gida hannun Gwaggona, ɗan ƙaramin kati jefi-jefi ya ishe shi. Don Allah ki duba wayar tana da caji, in na nemi lambar zan sanar da ke.

Taki,
Gaggawa

*

Zuwa ga Gaggawa, 'yar Yayana,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na sa tabarau na karanta, na gode Allah da kina lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba. Ɗinki kuma sai ɗan facin kayan makaranta da sa zif, ido ba ya ɗaukar aikin ado yanzu. Tsohuwar nan mai cokula ki ƙyale ta, ta san halin mutanen da take zaune da su ne.

Maganar ajiyarki, ki kwantar da hankalinki. Kin tuna ranar tafiyarki? Jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, mai tasi yana jira a ƙasa, kika danƙa min waya kika rubuta a bayan ambulan: “Gwaggo, ki ajiye min layin nan.” To ni a iya sanina abin da aka ce a ajiye ba a taɓa shi. Washegari na kai wa mai gyaran waya ya zaro min ɗan abin, na naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, na ɗinke bakin, na sa a gwangwanin maɓallai na rufe a aljihun keken ɗinki. Wayar kuma na sa ta a safa. Ko jikokin mai gidan da ke shigowa su birkita min zare ba su san da su ba.

Jiya na farke ɗinkin, abin nan fes kamar yau aka saye shi. Maman 'Yan Biyu ta saka shi, ta yi caji, ta kunna. Ta ɗaga wayar sama, ta fita baranda, ta dawo, ta kashe ta sake kunnawa. Can sai na ga fuskarta ta canza, ta rubuta min a bayan takardar awo: “Layin ya mutu.” Na ce ya mutu da me? Abin da ko ƙura bai gani ba, ruwa bai taɓa shi ba?

Ki yi min bayani da rubutu manya, don ni ban gane irin wannan mutuwa ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutu, hutun cin abinci ne.

Wayyo Gwaggo, kin kashe ni! Layi ba zobe ba ne da ake ƙullewa a ƙyalle. Ajiyarsa ita ce a bar shi a kunne, a sa masa kati, a yi kira da shi. In ya daɗe shiru kamfani rufe shi yake, daga baya ya sayar wa wani. In har an sayar, lambata wayar wani za ta riƙa shiga, hukumar kuma ba ta canza lamba sai mutum ya je da kansa. Da wane hutun zan je? Da na sani da na tafi da abina.

Don Allah a je ofishin kamfanin da sim ɗin a tambaya ko akwai abin yi. Na tura wa Maman 'Yan Biyu hoton katin shaidata. Ana kirana, sai na ji daga gare ki.

Gaggawa

*

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa cikakkiya, wadda na gutsure a waccan takardar. Yaya jikin? Yaya gwiwa?

Shirun ya yi yawa, Gwaggo. Na tambayi Maman 'Yan Biyu, ta ce lafiyarki lau, kullum da safe kina fita da jaka ki dawo da yamma, kuma kin hana ta faɗa min komai. Na koma na karanta hoton abin da na rubuta miki, kunya ta kama ni. Ni ce na rubuta “ajiye” ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ce kuma na zo ina ɗaga murya a takarda.

Kullum sai na shiga shafin na danna a turo lamba, ko Allah zai sa. Shugabar aikinmu ta fara tsayar da ni a hanya tana tambayar takardar. Amma wallahi shirunki ya fi tambayarta damuna. Ko faɗa ne ki rubuto min.

Taki,
Gaggawa

*

Zuwa ga Gaggawa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, da abokan aikinki, da tsofaffin da kike kula da su, da shugabar taku mai tare mutane a hanya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwa ta sha hanya kwanan nan, da dare sai na gasa ta da ruwan zafi. 'Yan Biyu ɗaya ya yi mura ya shafa wa ɗayan, yanzu sun warke sun koma dambe. Mai gida ya gyara famfon tsakar gida bayan dogon alkawari.

“Kin kashe ni” ɗin nan na san haka kuke magana ku yaran yanzu, tun kina ƙarama ko shayi ya huce sai ki ce an kashe ki. Amma a baki akan ga fuskar mai faɗa. A takarda ba fuska, na yi ta karantawa har takardar ta yi laushi. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na ce ba zan sake ɗaukar biro ba sai ina da abin faɗa.

Na je ofishin. Wuri ne mai sanyi da kujeru a jere, a ba ka 'yar takarda mai lamba, a kira ka ta lasifika. Ranar farko na zauna har aka tashi, ashe tun da hantsi aka kira ni aka wuce. Rana ta biyu na'urarsu ta lalace. Rana ta uku na zauna kusa da wata mata mai goyo, na nuna mata lambata na nuna kunnena, na ce in an kira ta zungure ni. Allah ya yi mata albarka, zungurar da ta yi min har yanzu ina jin ta a haƙarƙari.

Yarinyar da ke kan kanta ta jawo takarda muka yi ta rubutu kamar masu jarrabawa. Ta ce sai mai layi ya zo da kansa. Na nuna mata hoton katinki, ta duba na'ura ta girgiza kai, ta rubuta: “Ba sunan ba ne.” Na ce shi ke nan an sayar. Sai ta dube ni ta rubuta: “Mama, kawo naki katin.” Na miƙa, na ɗora babban yatsa a kan gilashi, sai ga ta tana dariya. Ashe sunana ne a kai! Ni na saya miki shi lokacin da kika samu makarantar jinya, katinki bai fito ba tukuna, daga ni har ke mun manta. Duk shekarun nan 'yar haya ce ke, ni ce mai layi.

An rufe shi ne kawai, saura ƙiris ya shiga kasuwa. Ta buɗe. Ta kuma rubuta min ƙa'ida: a bar shi a kunne, a sa katin da ya fi kowane ƙanƙanta, a yi kira ko na minti ɗaya duk wata, kuma in an turo saƙon tallan waƙa ko wasa kar a danna komai.

Yau da safe wayar ta yi rawa a kan keke, na duba, ga lambarki. Na ce bari in gama kalaci in zauna in rubuta miki yadda ya kamata, ba a jefa wa mutum lamba tsirara ba gaisuwa. Saƙon ya ce kar a nuna wa kowa, saboda haka sai Maman 'Yan Biyu ta kau da kai za ta ɗauki hoton wannan shafin. In ya karkace ki yi haƙuri. Ga ta: 407193.

Gwaggonki, mai layi

*

Zuwa ga Gwaggona, mai layi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban haƙuri. Na karanta takardarki a tashar bas, na yi kuka a wajen zaman jiran da kika yi a ofishin nan, mutane suna kallona. Da wannan gwiwar, Gwaggo! Ban san da wane baki zan gode miki ba. Ki yafe min waccan kalmar, na janye ta, Allah ya sa kar in sake.

Da na kai ƙarshen shafi kuma dariya ta ƙwace min. Gwaggo, lambar nan ba ta jiran gaisuwa. 'Yan mintoci kawai take yi a raye, kafin ki gama kalaci ta riga ta tashi daga aiki. Na gwada ta duk da haka, shafin ya ce ta ƙare.

Lokaci ya matso, an ce in takardar ba ta shiga makon nan ba za su rufe fayil ɗina. Na san ba za ki nuna wa Maman 'Yan Biyu saƙon ba, kuma da gaskiyarki. Hanya ɗaya ta rage, na san ba za ki so ta ba. Ban manta ranar da kika daina waya ba, da kina ɗaga murya a shago ba ki sani ba, masu jiran ɗinki suna ƙunshe dariya. Amma ga roƙona. Ranar Talata bayan la'asar ɗinku Maman 'Yan Biyu za ta kira ni da wayarta, ta ajiye ta gabanki, ta fita. Ni zan danna daga nan. Da ƙaramar wayar ta yi rawa, ki karanta lambar da baki, a hankali, ki maimaita. Ba sai kin ji ni ba, ni ce mai buƙatar jin ki.

Kuma don Allah, ban da gaisuwa. Na yafe ta na wannan ranar kaɗai.

Taki,
Gaggawa

*

Gaggawa,

Salamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni dai ban iya cin abinci ba.

Na yi abin da kika ce. Maman 'Yan Biyu ta jingina wayarta da gwangwanin maɓallai, ta ɗaga min yatsa, ta ja ƙofa. Ƙaramar ta yi rawa, na karanta. Kamar mai magana da bango. Ban san ko na yi ihu ba, ban san ko raɗa na yi ba, ban san ko kina can ba ma. Akwai lamba ɗaya da tabarau ya so ya rikita min, shida ce ko takwas, na matso da ita kusa na ce takwas. Tun ɗazu nake tunanin ko shida ce.

Maman 'Yan Biyu ta daɗe ba ta dawo ba, yaranta sun kaure a ƙasa. Na zauna ni kaɗai da wayoyi biyu kamar 'yar kasuwa. Da ta dawo ta duba tata ta yi wani murmushi, ta rubuta min wai ke za ki faɗa min da kanki. Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Ki rubuto yau. In ba ta shiga ba ki faɗa min kai tsaye, kar ki lallaɓa ni.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Takwas ce, Gwaggo! Ta shiga! Na sauke takardar, na kai wa shugabarmu da hannuna, ta duba ta ce shi ke nan, za a sabunta. Ki ci abinci. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya, ya biya ki abin da ba zan iya biya ba.

Kuma sai da kika gaishe ni. Na ce ban da gaisuwa, amma abu na farko da na ji shi ne, “Gaggawa, ina wuni,” sannan lamba.

Ga abin da Maman 'Yan Biyu take wa murmushi. Kiran bai yanke ba. Ni ina ɗakin ajiye zannuwan gado na wurin aiki, nan kaɗai ke da shiru, na shigar da lambar, ya kamata in katse in koma bakin aiki. Na kasa. Na ji kin sauke numfashi, na ji ƙarar kujerarki. Na ji kin ce, “Allah ka sa ta ji. Allah kar ka sa yarinyar nan ta rasa aikinta ta dalilina.” Ina ta cewa, “Na ji, Gwaggo, ta shiga,” alhali na san ba ji za ki yi ba. Daga nan kika koma yi wa allura faɗa don ta ƙi karɓar zare. Na zauna a kan kwandon wanki na toshe bakina da tawul.

Tun ranar da na shiga tasin nan ban ji muryarki ba. Na saba da rubutunki har na ɗauka ya ishe ni, ashe bai isa ba. Kuma ba ihu kike yi ba, muryarki ce yadda na san ta, ta ɗan ƙara ƙarfi kawai.

Yarinyar ofis ta ce a yi kira duk wata. To kar ki ɓata shi a kan mai kawo zare, ni za ki kira. Minti ɗaya daga wajenki, sai in katse in kira ki daga nan, katin ba zai ji jiki ba. In wayar ta yi rawa ki danna kore ki yi ta magana. Amsa zan aiko a takarda.

Taki har kullum,
Gaggawa

*

Zuwa ga Gaggawa, 'yar Yayana,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na ci abinci har na ƙara.

Ashe laɓe kika koya a can? Mutum yana faɗa da allurarsa a ɗakinsa, ke kina cikin zannuwan mutane kina saurare. Ban ji daɗi ba. Na kuma karanta wajen nan da kika ce muryata ce yadda kika san ta, har sai da tabarau ya yi hazo na cire na goge.

Na yarda. Jiya ni da Maman 'Yan Biyu mun yi gwaji, ina magana tana ɗaga hannu in na yi ƙasa, tana saukewa in na yi sama, har muka samu daidai. Yaranta sun yi dariya, na bar su.

Farkon wata zan kira. Wannan karon gaisuwa za ki sha tun daga kanki har tsohuwa mai cokula, babu lambar da ke jira. Ki nemi kujera mai kyau, ba kwandon wanki ba. Zancen shekara guda na tara, kuma ko kin yi musu ba ji zan yi ba.

Gwaggonki